Tsugunon Yayana Mai Tayil

Yayana mai shimfiɗa tayil ne, kuma da za a ce in zana shi a takarda, a tsugune zan zana shi. Tun da na yi wayo haka na san shi: tafin ƙafa biyu a ƙasa, gwiwoyi a ƙirji, gudumar roba a hannun dama, guntun fensir a bayan kunne. A tsugune yake aiki, a tsugune yake cin abinci. Ko waya yake yi a bakin titi, in maganar ta yi tsawo sai ka ga mutum ya sulale ƙasa ya tsuguna. Kujerun falonsa baƙi ne suka tsufar da su, shi bai san laushinsu ba.

Magina ba sa kiransa da sunansa. Kar-a-taka suke ce masa, har 'yan kwangila da haka suka ajiye lambarsa a waya. Dalili kuwa, Yaya yana da yadda yake aikinsa. Daga lungun can ƙarshen ɗaki yake farawa, yana ja da baya a tsugune, layi bayan layi, har ya iso ƙofa. Kafin ya fara ya riga ya kulle ƙofar ta ciki, wai shi aikin da bai ƙare ba tsiraici ne, ba a nuna wa mutane. Mai kwaɓa masa siminti a waje yake tsayawa, sai ya ƙwanƙwasa a buɗe a karɓi bokiti a sake rufewa. In ya gama ya fito, sai ya kulle, ya gicciya katako, ya jefa makulli a aljihu, ya dubi duk wanda ke wurin ya ce, "Kar a taka." Ko mai gidan ne ba ya ganin ɗakinsa sai ya bushe.

Ni ce autar gidanmu, kuma tela ce ni. Shagona shi ne ɗakin da ke bakin ƙofar gidansa. Tun rasuwar mijina ya ba ni shi, ya shimfiɗe min ƙasan da ragowar tayil kala-kala da ya tattaro daga wuraren aiki, ya jera su yadda har masu kawo ɗinki suke tambayata inda ake sayar da irinsa. Rediyo yake kirana, wai ba ni da wurin kashewa. Ni kuma ba na musu. Dole a samu mai magana a gidan nan, tunda shi sai ka yi da gaske kafin ka ciro jimla guda daga bakinsa.

Ranar da abin ya faru, yana saukowa ne daga benen wani gini da ba a gama ba, kwalin tayil a kafaɗa, matakala ba abin dafawa. Ƙafarsa ta dama ta sauka a kan tsakuwa, gwiwar ta murɗe. Ya ce ya ji ƙara kamar an karya ɗanyen kara. Ka san abin da ya fara yi? Ya duba kwalin ko tayil ya fashe. Da ya ga bai fashe ba, ya ɗaure gwiwar da tsumma ya ƙarasa aikin ranar. Washegari gwiwa ta kumbura ta ƙi shiga wando, sai da na farke ƙafar wandon da almakashi kafin muka fita asibiti. Jijiya ce ta tsinke, aka yi masa tiyata.

Bayan ya ajiye sanda aka tura mu wurin likitar gashin ƙashi. Yarinya ce, ba za ta girmi babbar 'yarsa ba, amma ta san aikinta kuma tana da ladabi. Ni na raka shi, don matarsa ba ta iya warin asibiti. Ta sa shi ya cire takalmi, ya dafa ƙarfe, ya ɗan yi ƙasa. Ta zagaya bayansa tana kallo, sannan ta dawo ta zauna.

"Baba, za ka koma aikinka in Allah ya yarda," in ji ta. "Amma sai ka sake koyon tsuguno daga farko. Jikinka yanzu tsoron ƙafar dama yake, zai riƙa tura nauyi kan ta hagu, kuma kai ba za ka ji ba. A ranka za ka ce a miƙe kake. Don haka kullum in za ka yi, ka samu wuri shimfiɗaɗɗe, wani ya tsaya a bayanka yana kallo. Da ka karkace ya ce ka tsaya."

Ya ce, "To."

"Da gaske nake, Baba. Ta hagun ce ta rage maka lafiyayya, kuma ita ma ta sha aiki. In ta ɗauki kayan biyu ba za ta daɗe ba. In ita ma ta tafi, maganar aikin ƙasa ta ƙare."

Ya sake cewa, "To." Ni na san wannan "to" ɗin tun muna yara. Muna fitowa bakin titi ya ja tsaki ya ce, "Rediyo, kin ji yarinyar nan? Ni za ta koya wa tsuguno. Ina tsugune aka haifi ubanta."

"Ubanta ba a yanka masa gwiwa ba," na ce.

Kar wani ya ɗauka raggo ne, ko ya watsar da abin da aka ce masa. Da haka ne da abin bai ci min rai kamar yadda yake ci ba. Ranar farko a falo ya gwada, matarsa a bayansa kamar yadda aka ce. Ya ɗan yi ƙasa, gwiwar ta yi rawa, ya tafi gefe ya faɗi a jikin kujera. Matarsa ta ƙwalla salati ta ruga ta tallabe shi tana kuka, tana cewa, "Sannu, sannu, bar shi haka, kar ka kashe kanka." Yara suka fito daga ɗaki suka yi cirko-cirko. Babu wanda ya yi dariya. Ina ganin da dariyar aka yi masa da ya fi masa sauƙi. Ya ture hannunta a hankali, ya miƙe da kansa, ya shige ɗaki.

Daga ranar ba a sake ganinsa yana gwadawa ba. Sai dai banɗaki ya zama nasa. Da safe ya shiga ya kulle, ya daɗe, mutane su yi layi da buta da soso suna jiransa. Da yamma ma haka. Ya fito yana haki, rigarsa jiƙe da gumi. Matarsa ta zo shagona tana raɗa, wai ita dai tana zargin magungunan asibiti sun ɓata masa ciki, kunya ce ta hana shi faɗa. Har maganin ciki ta sayo tana jiƙa masa, shi kuma ya karɓa ya shanye. Ya gwammace a ce gudawa yake da a ce ya kasa tsuguno.

Ni ce na gano, don wata rana na kasa kunne a ƙofar. Na ji numfashi, na ji yana ƙirge a hankali, na ji bututun famfo yana ƙara kamar ana jan sa. Da ya fito na tare shi.

"Yaya, ba haka likita ta ce ba. Cewa ta yi wani ya tsaya a bayanka."

"Akwai madubi a ciki."

"Madubin aske gemu? Iya fuskarka yake nunawa. Fuskar ce ta karkace?"

"Ke da ɗinki aka san ki," in ji shi. "In na gama za ku gani."

Wurin likita ma ya daina zuwa. In na yi magana sai ya ce me zai je yi, abin da take sa shi a can yana yin ninkinsa a gida. Gaskiya ne kuma, yana yi. Cinyoyinsa suka dawo, ɗingishi ya ragu, bayan 'yan watanni ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita. Ranar matarsa ta yi girki kamar ana biki. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Murnar ba ta daɗe min ba. Wata rana keken ɗinkina ya ƙi juyawa, na kira shi ya duba min. Ya tsuguna a gabana yana leƙa ƙasan keken, ni kuma ina tsaye a bayansa, inda likita ta ce a tsaya. Wannan ba tsugunon Yayana ba ne. Duk jikinsa ya zube hagu, kafaɗar dama ta ɗaga sama, dunduniyar dama ba ta taɓa ƙasa, ƙafar ta ɗan fita gefe kamar ta aro. Mutum yana zaune ne kacokan a kan gwiwa ɗaya.

"Yaya, a karkace kake."

"A miƙe nake."

"Wallahi a karkace kake. Tsaya in ɗauke ka a waya ka gani da idonka."

Ya miƙe kafin in lalubo wayar. Ya ce, "Ni da nake gane ƙasa ta karkace da tafin ƙafata, ke za ki gaya min? Ga kekenki nan, bel ne ya saki." Ya fita.

Ba sau ɗaya na faɗa ba, ba sau biyu ba. Na faɗa da lallashi, na faɗa da faɗa. Na nuna masa wandunan aikinsa da nake faci, duk a cinyar hagu suke yagewa. Na nuna masa takalminsa, na hagu ya lanƙwashe ya cinye, na dama kamar jiya aka saya. Na haɗa baki da matarsa, ita kuma da ya haɗe rai sai ta ce in ƙyale shi, ai ya samu sauƙi, kar mu ja masa baki. Abin da na samu kawai shi ne ya daina tsugunawa a inda nake. In na shigo yana ƙasa sai ya tashi ya jingina da bango. Da za a maido da kwanakin nan baya, sai na ƙara faɗa, da ƙarfi ma fiye da na da.

Aikinsa kuwa bai taɓa lalacewa ba, wannan in faɗa don kar a zalunce shi. Ɗakunan da ya yi a lokacin suna nan, ka zuba ruwa a tsakiya ya tsaya cak. Sai dai aikin kwana biyu ya koma na uku, kuma ƙofa ta ƙara kulluwa. Wani mai fenti, tsohon abokinsa da suka daɗe suna bin gine-gine tare, shi ya zo shagona da sunan kawo ɗinki. Ya yi ta juya yadin a hannu, sannan ya ce, "Hajiya, yayanki lafiya kuwa?"

Na ce me ya gani.

"Shekara da shekaru ina shiga ɗaki bayansa, ban taɓa ganin ya ɓata min bango ba. Yanzu duk ɗakin da ya fito sai in tarar da shatin hannu na siminti, nan ƙasa-ƙasa, jere har ƙofa. Bango yake bi yana tashi. Ni dai ina shafewa da fenti, ban gaya wa kowa ba. Ke ma don na san ba kya tsoronsa ne."

Na yi masa maganar a ranar. Ya ce mai fenti ya tsufa, surutu ya kama shi.

Wannan mai fentin ne dai ya kira ni ranar da ta hagun ta tafi. A wani gida ne da ake gyara. Tun kafin azahar mai kwaɓa siminti yake ƙwanƙwasa ƙofa, Yaya yana cewa daga ciki, "Ina zuwa." Siminti ya daskare a bokiti, aka sake kwaɓa wani, shi ma ya daskare. Ma'aikata suka fara haɗa kaya za su tashi, har yanzu "ina zuwa". Sai da mai fenti ya ce zai ɓalle ƙofar sannan suka ga makulli ya turo ta ƙasa. Suka same shi zaune a kan yashi, ya jawo jiki da hannu daga tsakiyar ɗaki, gwiwar hagu ta kulle ta ƙi miƙewa ta ƙi lanƙwasuwa. Ya yunƙura zai tashi ne ya ji abu ya yage a ciki. Yini guda yana zaune, mutane suna bayan ƙofa, bai kira kowa ba. Da suka zo ɗaukarsa cewa ya yi su bi ta gefe, can bai bushe ba.

Haka muka koma wurin yarinyar nan likita, wannan karon har da matarsa. Ba ta yi masa faɗa ba, ko da yake ni na so ta yi. Ta duba hoton gwiwar, ta tambaye shi ko ya ci gaba da motsa jikin da ta ba shi.

"Ban taɓa fashi ba," in ji shi. "Safe da yamma."

"Na yarda, cinyoyinka sun nuna. A ina kake yi?"

Matarsa ce ta amsa, "A banɗaki, likita."

"Kai kaɗai?"

"Shi kaɗai," na ce. "Da sakata."

"Me kake riƙewa?"

"Bututun famfo," in ji shi.

"Ta wane gefe yake?"

"Hagu."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, ba da wata manufa ba, "Ƙasan wurin a shimfiɗe yake?"

Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Bakinsa ya ɗan buɗe, ya dubi hannayensa. Banɗakin nan shi ya shimfiɗa shi da kansa, kuma babu aikin da yake alfahari da shi a gidan kamarsa, don ko bokiti ka juye, kafin ka ɗauki tawul ruwan ya gudu. Babu mai tayil da zai yi banɗaki a shimfiɗe, shi kuwa nasa har ƙara masa gangare ya yi.

"Gangare ne," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ni na yi shi. Hagu yake zubawa, wajen rariya."

Watanni yana tsaye a kan gangaren da ya yi da hannunsa, yana rataye da bututu ta gefe guda, yana koya wa jikinsa karkata safe da yamma, har jikin ya ɗauka haka ne daidai. Shi ne fa mutumin da ke shiga ɗakin wani ya ce nan ya fi can tudu tun bai sauke jaka ba. Likita ta ce gangaren shi kaɗai ba zai yi wannan ɓarnar ba, da ma jikin can yake son tafiya. Ta ce da ido ɗaya ya gan shi ta baya a makon farko, da magana biyu ta gyara shi. Ta faɗa ne don ta rage masa nauyi, amma ni a nan ne hawaye ya zubo min, na takaici, har na fita waje don kar in faɗi abin da ba a faɗa wa babba.

Da na dawo ta riga ta gaya masa sauran. Guringuntsin gwiwar hagu ya cinye, ya kuma yage. Za a yi aiki, zai yi tafiya, zai hau bene, zai zauna ya tashi. Yini a tsugune kuwa, ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, kar ya sa rai.

Yanzu wasu daga cikin masu tayil da suka koya a hannunsa sukan zo su ɗauke shi in sun samu babban aiki. Su ajiye masa benci, ya zauna yana nuni da sanda, nan a ɗaga, can a sauke. Suna girmama shi ƙwarai. Shi kuwa in ya dawo ba ya cin abinci sosai. Ya ce min kallon wani yana buga tayil ƙaiƙayi yake sa masa a tafin hannu.

Motsa jikin kuma a falo yake yi, ƙofa a buɗe, mai wucewa ya wuce. Kujera a bayansa, ya yi ƙasa har ya taɓa ta, ya tashi. Ni ce mai tsayawa a baya. Nakan rufe shago in zo, in ce dama, in ce hagu, in ce tsaya, shi kuma ya bi ba musu. Wannan biyayyar ta fi taurin kan ci min rai, don ina kallonta ina tuna cewa abin da aka nema tun farko ke nan, bai fi haka ba. A hankali karkatar ta tafi. Kafaɗu suka daidaita, dunduniya biyu suka zauna a ƙasa.

Shekaranjiya da safe, bayan ya gama na ranar, bai koma ya zauna ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Rediyo, janye kujerar."

"Yaya, likita ta ce..."

"Na san abin da ta ce. So nake in gani. Janye."

Na janye. Ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi, ya fara sauka. Ya wuce inda kujerar take. Ya ƙara kaɗan. Nan ya tsaya, gwiwoyin biyu suna rawa tare. Ya miƙa hannun dama ƙasa, yatsu a buɗe, yana neman tayil. Saura kamar taƙi ɗaya. Ya yunƙura, jijiyar wuyansa ta fito, hannun bai ƙara gaba ba.

"Na karkace?" ya tambaya, bai waiwayo ba.

Na duba da kyau, daga ƙeya har dunduniya, don ba na so in yi masa ƙarya.

"Ba ka karkace ba, Yaya. A miƙe kake sarai."

Ya daɗe a haka, hannunsa a rataye tsakaninsa da ƙasa. Sannan ya janye shi a hankali, ya miƙo min shi ta baya.

"To," ya ce. "Kama ni in tashi."